Daga Ina Lesin Ya Samo Asali? Tarihin Lissafi da Turanci a Ƙasar Kebbe da Tambuwal



Yau zan yi magana ne kan wani abu da kusan dukkanmu muka ratsa ta cikinsa, wato lesin, karatun nan da ake yi bayan an tashi makaranta ko lokacin hutu. In kun lura, da wuya ka ji an ce yaro ya tafi lesin na Hausa ko na tarihi. Kullum darussa biyu ne a gaba: lissafi da Turanci. Me ya sa? Kuma yaushe abin ya fara? Zan ɗauki yankin Kebbe da Tambuwal a kudancin jihar Sakkwato a matsayin misali. Kebbe nake nufi, ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da Tambuwal, kada a rikita ta da jihar Kebbi.

Bari mu fara da abin da ake yawan mantawa. Zama gaban malami kai kaɗai ko ku uku, ya biya maka, ka maimaita, ya gyara, tsohuwar al'ada ce a wannan ƙasa. Haka karatun zaure yake. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma ɗansa Muhammadu Buhari, wanda ya zauna a Tambuwal, malami ne masanin Larabci. Lissafi ma yana cikin karatun, domin ba a raba gado sai an san rabi da sulusi da sumuni. Kafin su ma akwai Muhammad al-Kashinawi, mutumin Katsina, wanda ya rubuta littafi kan jadawalin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Saboda haka duk wanda ya ce maka kanmu ne ba ya ɗaukar lissafi, bai san tarihi ba.

Toh, boko fa? Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kuma a wajajen 1905 aka buɗe ƙaramar makaranta a birnin, galibi don 'ya'yan sarakuna. A 1909 Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano. Tsarin da aka bi a Arewa shi ne a koyar da yaro da Hausa a elementare, Turanci sosai kuma sai ya shiga midil. Midil ɗin nan kaɗan ce ƙwarai, tana hedikwatar lardi. Yaron da ke Kebbe ko Kuchi ko Sanyinna, in ba an zaɓe shi an kai shi Sakkwato ba, shi da Turanci sai dai ya ji a bakin tafinta.

Waɗanda suka samu wucewa, kusan duk malanta aka shirya su yi. Kwalejin Katsina da ta fara aiki a 1921 an kafa ta ne don horar da malamai. Sardauna Ahmadu Bello ya gama can a 1931, ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato har zuwa 1934. Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsu ke kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, ya yi elementare a Yabo, ya yi midil a Sakkwato, ya gama Kwalejin Kaduna a 1944, shi ma ya dawo ya koyar da kimiyya. A wancan zamani ɗalibai kaɗan ne, a makarantar kwana suke, malaminsu yana kusa da su dare da rana. Babu buƙatar a nemo wani a biya shi.

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan yanayi.

Na farko jarrabawa. An kafa WAEC a 1952, aka kafa JAMB a 1978, NECO ta zo a 1999. Sannu a hankali doka ta tsaya a kan cewa mai neman jami'a sai ya kawo kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi. A JAMB kuwa, ko wane fanni kake nema, Turanci dole ne. Kun ga ke nan darussa biyu sun zama ƙofa. A lokacin, ko ɗalibi ya ci sauran bakwai da kyau, in ya samu D7 a ɗaya daga cikin biyun nan, sai ya sake zama.

Na biyu yawan ɗalibai. A watan Satumbar 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, ilimin firamare kyauta ga kowa. Aka buɗe makarantu a ƙauyuka, aka cika kwalejojin horon malamai don a samu masu shiga aji. Ɗaya daga cikinsu ita ce ta Dogon Daji a ƙasar Tambuwal, inda Aminu Waziri Tambuwal ya samu takardar malanta mai daraja ta biyu a 1984. Sakandare kuwa, musamman ɓangaren lissafi da kimiyya da Turanci, ta dogara ƙwarai da malamai 'yan Indiya da Pakistan da Ghana, da 'yan bautar ƙasa tun da aka kafa NYSC a 1973. Ku tambayi iyayenku, da yawansu za su ba ku labarin wani Ba'indiye da ya koya musu aljabra.

Yanzu ku lissafa da ni. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 1976, a 1982 zai nemi sakandare. A daidai wannan shekara kuɗin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu. A farkon 1983 aka kori baƙi marasa takardu, 'yan Ghana da yawa suka tafi, har da malamai. A 1986 tsarin SAP ya karya darajar naira, albashin ya daina biyan malamin da ya baro ƙasarsa, su ma suka tattara. Wato lokacin da ɗalibai suka fi yawa, lokacin ne masu koyar da darussan nan biyu suka ragu. Daga baya kuma aka daina horon malamai masu daraja ta biyu, aka ce sai mai NCE, kwalejojin da yawa aka mayar da su sakandare.

A cikin wannan giɓi lesin ya girma. Malamin da albashi bai ishe shi ba ya samu abin ƙari da yamma, uban da ke tsoron F9 ya samu inda zai tura ɗansa. A birni abin ya zama sana'a, har da cibiyoyi masu allo a bakin titi, kuma tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015 aka ƙara da koyon danna linzami. A wuri irin Kebbe, da ke can ƙuryar jiha kusa da iyakar Kebbi da Zamfara, lamarin daban ne. Ƙwararren malami ya fi son zama kusa da birni. Ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya yake yi ya tafi, wani ma tun kafin ya iso ya nemi a sauya masa wuri. Lokacin da ya kamata a yi lesin kuma, yaro yana gona in damina ce, yarinya tana aikin gida. Wanda ubansa ke da hali sai a tura shi Sakkwato ko Birnin Kebbi wajen dangi. Wanda ba shi da shi fa?

Gwamnatoci sun san da matsalar. A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin UBE ranar 30 ga Satumbar 1999. Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a majalisar wakilai daga 2003 zuwa 2015, da ya zama gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. An yi gine-gine, amma gina aji ya fi samar da malamin lissafi sauri, domin malami sai an yi shekaru ana rainonsa.

Akwai wani abu da nake so masu koyar da lesin su riƙe. Sau da yawa yaron da ya faɗi lissafi, Turanci ne ya kayar da shi. Ku je kasuwar Tambuwal ku ga yaro yana lissafin buhunan gero da riba da canji a ka, ba takarda ba biro. Rubuta masa wannan lissafin da Turanci a takardar jarrabawa, sai ya tsaya cak, domin bai gane abin da ake tambayarsa ba. Shi ya sa lesin da ake farawa wata uku kafin WAEC, ana haddace tsofaffin tambayoyi, ba ya warkar da komai. Ciwon tun daga firamare da ƙaramar sakandare yake, lokacin da yaro ya wuce aji bai iya karanta sakin layi ya faɗi ma'anarsa ba. Idan aka bar shi haka, ƙarshenta a faɗa hannun masu sayar da satar amsa, a samu takarda, a je jami'a a kasa taɓuka komai.

Ni a ganina maganin da ke hannunmu shi ne tsohon tsarin nan na zaure, babba ya biya wa ƙarami. Ƙungiyoyin ɗalibai a garuruwa da dama suna shirya lesin kyauta lokacin dogon hutu, kuma abin yana amfani. In kana Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, kuma kai ɗan Kebbe ne ko Jabo ko Dogon Daji, in ka dawo hutu tara yara biyar na unguwarku. Fara da 'yan ƙaramar sakandare, kada ka jira sai 'yan ajin ƙarshe. Yi bayani da Hausa har sai sun gane, sannan ka sa su karanta tambayar da Turanci su fassara maka da bakinsu kafin su taɓa biro. 'Yan'uwa mata da ke karatu, ku ma ku tara ƙannenku mata a cikin gida, domin da yawansu ba za a bar su fita lesin da yamma ba.

A nan zan dakata. Allah ya ba ƙannenmu masu shirin jarrabawa sa'a, ya saka wa malamanmu da alheri. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.