Gaisuwar sabar imel

Gaisuwar sabar imel ita ce kalmar farko da sabar mai aika wasiƙa ke faɗa wa mai karɓa a tsarin SMTP: HELO ko EHLO, sannan cikakken sunanta. HELO ta fito a ƙa'idar RFC 821 da Jon Postel ya rubuta a 1982, EHLO kuma ta biyo baya a 1993.

Wahala tana tasowa ne idan sabar ɗaya na riƙe da sunaye da dama a kan lambobin IP daban-daban. Mai karɓa yakan duba ko sunan da aka gaishe shi da shi ya dace da rajistar PTR (wadda ke nuna sunan da ke kan lambar IP) ta lambar da wasiƙar ta fito. In suka saɓa, wasiƙar na iya faɗawa akwatin tarkace. Don haka ya kamata kowace lamba ta samu sunanta. Don yin haka, a manhajar sabar imel ta Postfix ana haɗa smtp_bind_address da smtp_helo_name cikin fayil ɗin master.cf, a ta Exim kuwa interface da helo_data.

Tun Fabrairun 2024 Gmail ke buƙatar PTR ingantacce, abin da ya shafi duk wata makaranta ko ofis mai aika wasiƙa zuwa Gmail.