Safiyar Ranar Zaɓe A Kazaure: Daga Fartanya Zuwa Tsintsiya

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ɗan tarihi ne da tunani a kan wata safiya da takan zo mana sau ɗaya ko sau biyu duk bayan shekara huɗu, wato safiyar ranar zaɓe.

Duk wanda ya san Kazaure ya san titin da ya taso daga Kano ya bi ta Dambatta ya ratsa garin ya nufi Daura ba ya barci. Tun kafin a kira assalatu za ka ji gurnanin manyan motoci. Amma ranar Asabar ɗin zaɓe, da yake an hana zirga-zirgar ababen hawa, sai ka fito daga masallaci ka ji tsit, har kana jin carar zakaran wata unguwa. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun maƙerar Baffana, Allah Ya jiƙansa. Ba zugazugi, ba ƙarar masaba a kan uwar maƙera, gawayi a tare a gefe guda. Masu faifai da tabarmar kaba da ƙore da tukwane da ke shigowa daga ƙauyukan Roni da Gwiwa da wajen Babura, ranar kowa yana gida. To wannan shirun ba kyauta ba ne, domin kuwa mai sana'ar hannu abin da ya samu yau shi ake ɗora tukunya da shi gobe. Ma'aikacin gwamnati albashinsa na nan, shi kuwa maƙeri cinikin yini guda yake bayarwa kafin ma ya ba da ƙuri'arsa.

Kakanninmu ba su san shugabanci ta hanyar ƙuri'a ba. Ita kanta masarautar Kazaure ta samo asali ne daga jayayyar Ɗan Tunku da Sarkin Kano Ibrahim Dabo bayan 1819, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama. A zamanin Turawa kuma, zaɓukan 1951 da 1954 a Arewa ta hanyar wakilai aka yi su, hawa-hawa. Sai ranar 12 ga Disamba 1959 ne talakan ƙauye ya jefa ƙuri'ar zaɓen tarayya da hannunsa, shi ma namiji kawai. Baffa ya ba ni labari cewa kowane ɗan takara akwatinsa daban, da alamar jam'iyyarsa a jiki, domin yawancin mutane ba su yi boko ba. Alamar NPC ta su Sardauna fartanya ce, ta NEPU ta su Malam Aminu Kano kuma tauraro. Yakan yi dariya ya ce, "Yaro, ni nake ƙera fartanyar nan da hannuna, amma ranar sai na gan ta a jikin akwati, an ce ta manya ce." NPC ta fi kowa samun kujeru, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, Baffa kuma ya koma bakin wutarsa.

Ku lura da wannan, jama'a, domin shi ne zaren labarin nan. Tun daga wancan lokaci jam'iyyu suke aron kayan kasuwarmu su yi alama da su. A 1979 NPN ta ɗauki gida da masara, PRP ta ɗauki mabuɗi. A 1999 APP ta dawo da masara, PDP ta zo da lema, daga baya APC ta zo da tsintsiya. Sun san abin da talaka yake riƙewa a hannu kullum shi zai fi saurin ganewa.

Zaɓen 1979 shi ne na farko da na yi wayo na gani, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kano. Matan Arewa sun sami 'yancin ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, amma a 1979 ne suka fara zaɓen shugaban ƙasa. Gwaggona mai ɗinkin faifai, wadda tun da aka kai ta ɗakinta ba ta taka kasuwa ba, sai dai ta ɗora mana talla, ranar 11 ga Agusta ta yi lulluɓi ta fita tare da matan unguwa. Da ta dawo na ce, "Gwaggo, wa kika zaɓa?" Ta ce, "Ɗan nan, in ka kai faifai kasuwa kana faɗa wa mai saye nawa na sayi kaba?" Har ta koma ga Mahaliccinta ba wanda ya ji. Shehu Shagari ya ci shugabancin ƙasa, Malam Aminu ya lashe jihar Kano, Abubakar Rimi ya zama gwamna. Malam ya rasu a Afrilun 1983, kuma a ranar ƙarshe ta wannan shekarar soja suka kifar da gwamnatin baki ɗaya.

Ban gane hikimar Gwaggo ba sai a 1991. A ranar 27 ga Agusta aka ƙirƙiro jihar Jigawa, a Disamba kuma aka yi zaɓen gwamnoni wanda Ali Sa'ad Birnin Kudu na SDP ya ci. Gwamnatin Babangida ta ba mu jam'iyyu biyu kacal, SDP mai doki da NRC mai gaggafa, ta kuma kawo tsarin layi: kowa ya tsaya a bayan hoton wanda yake so, a ƙirga shi a bainar jama'a. An ce don a hana maguɗi ne, kuma lallai ƙidayar kowa na gani. Amma ku duba halin mai sana'a. Abokan cinikinsa suna kowane ɓangare, wanda yake ba shi ƙarfe bashi yana layi ɗaya, surukinsa yana ɗayan. Ranar ce na fara zaɓe, ranar ce kuma Baffa ya ƙi fita. Na ce, "Baffa, ba za ka je ba?" Ya ce, "Ka je kai da ba ka da rumfa." Wani maƙwabcinsa dukawa da ya je ya tsaya, daga baya wani babban mai saye ya ɗauke ƙafa daga wajensa, ba faɗa ba zagi. A gaskiya ranar na san ƙuri'ar sirri rufin asirin talaka ce.

A zaɓen 12 ga Yuni 1993 an sassauta, mutum ya dangwala a ɓoye ya jefa a fili, sai Baffa ya fita. Moshood Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano da Jigawa, duk da kasancewar Tofa Bakano ne, kuma masu karatun wannan fili sun san shi marubucin littattafan Hausa ne. Mutanenmu sun zaɓi Bayerabe ba wanda ya tilasta musu. Ranar 23 ga Yuni aka soke zaɓen. Sai a 2018 gwamnati ta mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, lokacin Baffa ya daɗe a ƙasa.

Daga 1999 zaɓe ya ɗore. Jigawa ta ga Saminu Turaki, ta ga Sule Lamido a 2007, ta ga Badaru Abubakar ɗan Babura a 2015, sannan Umar Namadi a 2023. Shekarar 2015 ita ce sau ɗaya da na ga alama ta amfani masu ita, domin masu tsintsiya sun yi ciniki a lokacin yaƙin neman zaɓe, ko da yake wadda ake ɗagawa ta kwakwa ce da ake kawowa daga Kudu. An yi zaɓen ranar 28 ga Maris, Muhammadu Buhari na Daura maƙwabciyarmu ya kayar da shugaba mai ci, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin ƙasar nan.

Amma asarar yini ba ta ƙare ba. Ranar 16 ga Fabrairu 2019 mun tashi cikin shirun nan, sai muka ji a rediyo cewa cikin dare hukumar zaɓe ta ɗage shi da mako guda. Ba kasuwa ba ƙuri'a, an yi biyu babu. A 2023 kuwa zaɓen ranar 25 ga Fabrairu ya zo a tsakiyar ƙarancin takardun kuɗi, bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000. Mai babban shago yana karɓar tiransifa, amma tsohuwa mai faifai da mai tukunya ba su da asusu a banki, sun yi makonni kaya na kwance. Shin abin mamaki ne da a 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista suka fito, amma a 2023 ba su wuce kashi 27 ba? Mutum ba ya ta kai kaya kasuwar da ba ya cin riba.

Duk da haka ban yarda zaman gida mafita ne ba. Gwaggo ta jira shekara ashirin bayan maza kafin ta jefa tata, Baffa kuma bai ƙi zaɓe ba, tonon asiri ya ƙi. Abin da nake roƙo shi ne mu riƙe ɗabi'ar kasuwa. Ba mai sayen tukunya bai ƙwanƙwasa ta ba, ba mai sayen fartanya bai duba ƙota ba. Idan ɗan takara ya zo da alamarsa, mu tambaye shi hanyar ƙauye da rumfa da jarin masu sana'a, mu kuma riƙe amsar har shekara huɗu.

Ɗan Baffa ne yake riƙe da maƙerar yanzu. Ranar zaɓe yakan rufe kamar mahaifinsa, ranar Lahadi da sassafe kuma ka ji masaba ta ci gaba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu shugabanni masu tausayin na ƙasa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, wassalam.