Ranar da manoma suka tilasta wa sarki cin hantar doki

Yau tarihi zai kai mu can arewacin Turai, ƙasashen Noruwe, Suwidin, Danmak da tsibirin Aislan, shekaru sama da dubu baya, kafin addinin Kirista ya kafu a wurin.

Mutanen nan sun raba shekara gida biyu, sanyi da ɗumi, kuma sanyinsu ba irin hunturunmu ba ne: rana kan yi wuyar gani, ƙasa ta daskare, wanda bai tara abinci ba sai yunwa. Shi ya sa babbar ibadarsu ita ce yanka, wanda suke kira "bulot". Snorri Sturluson, mutumin Aislan da ya rubuta tarihin sarakunan Noruwe wajen shekara ta 1230, ya ce sau uku ake yi: farkon sanyi don shekara ta yi albarka, tsakiyar sanyi don amfanin gona, farkon ɗumi kuma don nasarar yaƙi. Bikin tsakiyar sanyin shi ne "Yul", sunan da har yau suke kiran Kirsimeti da shi.

Ga yadda Snorri ya siffanta taron a yankin Torondelag. Kowane manomi zai zo da guzurinsa da giyarsa. A yanka dabbobi, har da dawaki, a tara jinin a kwano, a tsoma reshen itace a yayyafa wa bango da jama'a. Naman a dafa shi cikin manyan tukwane a tsakar ɗakin. Sannan a ɗaga kofi: na farko don Odin, neman nasara ga sarki, na gaba don Niyord da Firai, neman zaman lafiya da shekara mai kyau. Snorri Kirista ne, ya rubuta bayan ƙarni biyu da wucewar abin, don haka a karanta shi da lura.

Amma akwai wanda ya gani da idonsa. Ahmad ibn Fadlan, manzon Halifa Muƙtadir na Bagadaza, ya haɗu da fatakensu a bakin kogin Bolga a 922. Ya ce ɗan kasuwa na sauka daga jirgi sai ya nufi wani dogon gungume mai fuskar mutum da gurasa, nama, albasa, madara da abin sha, ya roƙi a kawo masa mai saye mai dinari da yawa wanda ba zai yi masa gardamar farashi ba. In kasuwa ta yi kyau ya yanka tumaki ko shanu, ya rabar da wani, sauran ya ajiye gaban gumakan. Da dare karnuka su cinye, shi kuwa ya ce an karɓi hadayarsa.

To, mu koma ga sarkin. Hakon, wanda ake wa laƙabi da Nagari, a Ingila ya girma, a fadar Sarki Atelistan, ya dawo Noruwe yana Kirista. Manoma ba su damu da abin da ke zuciyarsa ba. A ganinsu albarkar shekara tana rataye a wuyan sarki. In ya ƙi zama wurin yanka, gonar kowa ce za ta biya. Ai suna da tatsuniyar Sarki Domaldi na Ufsala: da yunwa ta yi tsanani aka yanka shanu, ba sauƙi, shekara ta biyu aka yanka mutane, ta uku sai sarkin da kansa.

A taron Lade aka miƙa wa Hakon kofi, ya yi masa alamar gicciye. Wuri ya rikice. Hakimin yankin, Sigurd, mutum mai wayo, ya ce a kwantar da hankali, ai alamar gudumar Tor ya yi. Washegari aka ce ya ci naman doki, ya ƙi. Romo fa? Ya ƙi. Daga ƙarshe ya ɗora ƙyalle a kan mariƙin tukunya, ya buɗe baki a kan maiƙon da tururi ya bari. Ba wanda ya gamsu. Da Yul ya zagayo, a garin Mere, manoma suka matsa masa lamba har ya ci ƴan yanki na hantar doki, ya sha kofunan ba gicciye. Ya bar wurin yana huci.

Mutanen Aislan sun bi wata hanya. Wajen shekara ta 1000, da rigima ta kusa raba tsibirin, majalisarsu ta miƙa hukunci ga Torgair, mai riƙe da dokokin ƙasa, wanda shi kansa mai yanka ne. Ya yanke cewa kowa ya zama Kirista, amma a ci gaba da cin naman doki, mai son yanka kuma ya yi a ɓoye, in shaidu suka gani a kore shi daga ƙasa shekara 3. Bayan ƴan shekaru wannan rangwamen ma aka soke shi.