Hasumiya mai doro ta birnin Mosul

Yau za mu tafi ƙasar Iraƙi, birnin Mosul. A can akwai wani masallaci da sarki Nuruddini Zangi ya sa aka gina a shekarar 1172. Tsawon hasumiyarsa mita 45 ne. Wanda ya san ta Agadas, mai mita 27, ya auna ya gani. Da daɗewa hasumiyar ta karkace, har mutanen gari suka sa mata suna Alhadba, wato mai doro. Hotonta yana kan takardar kuɗinsu ta dinari 10.000.

Ran 21 ga Yuni 2017, mayaƙan Da'esh suka tarwatsa masallacin da nakiya.

To, yaya yaron da aka haifa bayan haka zai san kamanninsa? Ga dabarar da masana suka samo. Suna tara tsofaffin hotuna, na ƴan gari da na baƙi. Suna tashin ƙananan jirage marasa matuƙi su ɗauki hoton kangon ta kowane gefe. Kwamfuta ta gwada hotunan da juna, ta fitar da tsawo da faɗi, ta tada ginin a cikinta. Sai a ɗaura maka wani irin madubin ido mai kauri. Ka ɗaga kai ka ga rufi, ka waiwaya ka ga ƙofa, alhali ƙafarka ba ta bar inda kake tsaye ba. A 2018 mutane sun ga Mosul ta haka a wani baje koli a birnin Paris.

Amma ku lura, kwamfuta ba ta san abin da hoto bai ɗauka ba. An sake gina ɗakin sallar a shekarun 1940, saboda haka mafi yawan hotunan ginin baya suke nunawa, ba na Nuruddini ba. Inda babu hoto kuwa, masani cikewa yake yi da zato, kuma a ganina wajibi ne ya faɗa wa mai kallo. Sai da aka yi haƙa aka gano daɓen farko da ɗakunan alwala a ƙarƙashin ƙasa, aka ba da labari a 2022.

Hukumar UNESCO da magina ƴan Mosul sun tsince tsofaffin tubala daga cikin ɓaraguzai, suka sake tada hasumiyar. An gama ta a 2025, kuma bisa roƙon mutanen gari aka maida mata doronta.