TAFIYAR 'YAMMATA UKU: WANI BABI DAGA TARIHIN 'YAN ASALIN OSTARELIYA

Gabatarwa

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a duba yadda labarin wasu 'yammata uku ya tashi daga hirar gida ya zama littafi, sa'an nan fim, har ya shiga azuzuwan makarantu. Amma kafin nan, ya kamata mai karatu ya san halin da aka haife su a ciki.

Dokar Raba Ɗa Da Uwa

Turawan Ingila sun fara zama a Ostareliya a 1788, suka tarar da mutanen da ake kira Aborijin, watau 'yan asalin ƙasar. A 1905 Jihar Ostareliya ta Yamma ta kafa dokar da ta ɗora wani jami'in gwamnati a matsayin waliyyin 'ya'yan Aborijin. Daga 1915 A. O. Neville ne ya riƙe wannan muƙami. Ra'ayinsa shi ne a ɗauke 'ya'yan ruwa-biyu daga hannun iyayensu mata, a raba su da harshensu da al'adunsu, har jininsu ya narke cikin na Turawa. 'Yammata kuwa aikatau ake koya musu, don su yi bauta a gidajen Turawa.

Tafiyar 1931

A 1931 aka ɗauke Molly, mai shekara 14, da 'yan'uwanta biyu, Gracie da Daisy, daga Jigalong, aka kai su sansanin Moore River, arewa da birnin Perth. Ba su daɗe ba suka gudu. Dabarar Molly ita ce su nemi wani dogon shingen waya da aka gina tsakanin 1901 da 1907 don tare zomaye masu ɓarnar gonaki, domin ta san ya ratsa ta garinsu. Suka bi daji a ƙasa kimanin kilomita 1,600 cikin mako tara, 'yan sanda na neman sawunsu. An sake kama Gracie a hanya, amma Molly da Daisy sun isa gida.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A 1940 aka mayar da Molly Moore River tare da 'ya'yanta mata biyu. Ta sake gudu da ƙaramar a goye, ta bar babbar, Doris. Daga baya ita ma ƙaramar aka ƙwace ta, Molly ba ta ƙara ganinta ba.

Daga Baki Zuwa Aji

Doris ɗin nan, watau Doris Pilkington Garimara, ita ce ta tattara labarin daga bakin mahaifiyarta da Daisy, ta gwada shi da takardun gwamnati, ta buga littafin Follow the Rabbit-Proof Fence a 1996. A 1997 hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasar ta fitar da rahoton Bringing Them Home, wanda ya ƙiyasta cewa tsakanin 1910 da 1970 an ɗauke daga ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin uku na yaran 'yan asalin ƙasar. A 2002 Phillip Noyce ya mayar da littafin fim, inda Everlyn Sampi, ita ma 'yar Aborijin, ta fito a matsayin Molly. Malamai suka shiga nuna shi a makarantu, hukumar kuma ta shirya darussa a kan rahotonta. Gwamnatin John Howard ta ƙi neman gafara, sai ranar 13 ga Fabrairu, 2008, Firayim Minista Kevin Rudd ya nema a gaban majalisa. A lokacin Molly ta shekara huɗu da rasuwa.

Wasu marubuta, irin su Keith Windschuttle, sun soki fim ɗin da cewa ya yi ƙarin gishiri. Gaskiya ne fim ba kundin tarihi ba ne, saboda haka malamin kirki zai haɗa shi da littafin da rahoton, ɗalibai su auna da kansu.

Kammalawa

A takardun hukuma, waɗannan yara sunaye ne kawai na waɗanda suka tsere ake nema. A littafin da fim ɗin kuwa, su ne masu shawara, su suka san daji, su suka kai kansu gida. Wannan shi ne amfaninsu a aji. Yarinya 'yar Aborijin za ta ga kakanninta ba abin tausayi kaɗai ba ne, masu wayo ne da ƙarfin zuciya. Ɗan Bature kuma zai ga cewa wariyar launin fata da doka da hatimi aka tafiyar da ita. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, haka ma tarihi.