Adana kaya a ƙuntataccen muhalli: Dabarun da ke faɗaɗa ɗaki da kurakuran da ke halaka iyali

A unguwannin da suka cika suka batse a Kano da Kaduna, da garuruwan da ke gefen Abuja irin su Nyanya da Mararraba, iyalai da dama suna rayuwa ne a ɗaki ɗaya ko ciki da falo. Nan ake kwana, nan ake ajiye hatsi da tufafi da takardun makaranta, wani lokaci har da tukunyar gas. Bisa ma'aunin Hukumar Kula da Matsugunan Jama'a ta Majalisar Ɗinkin Duniya, gida ya shiga sahun masu cunkoso idan fiye da mutum uku suna zaune a ɗaki guda. A irin wannan hali, yadda aka tsara kaya yana shafar lafiyar mazauna gidan kai tsaye.

Tushen ƙuncin

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma samun takardar mallaka na cin lokaci da kuɗi. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, an gina shi ne a kan cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, tsarin da ya fi dacewa da masu albashi fiye da ƙananan 'yan kasuwa da masu aikin hannu. Ƙidayar jama'a da gidaje ta ƙarshe kuwa an yi ta ne tun 2006. Ga mafi yawan matasan birni, abin da ya rage shi ne haya, da neman dabarar zama a ɗan wurin da aljihu ya iya biya.

Hikimar ginin gargajiya

Ginin Hausawa na dā ya raba wa kowane kaya mazauninsa. Hatsi yana rumbu, wanda ake ɗorawa a kan duwatsu domin gudun danshi da gara. Fitila tana alkuki, wato gurbin da aka fafe a jikin bango. Ƙwaryar nono da abinci suna rataye a ragaya, tufafi suna adudu, kwanuka kuma an jera su sama da juna. Tabarma da safe a naɗe ta a jingine. Ƙa'idar a bayyane take: ƙasa ta mutane ce, bango da sama na kaya.

Yadda ake amfani da ita a yau

Kantar katako mai hawa huɗu ko biyar tana ɗaukar kayan da za su cinye kusurwar ɗaki idan aka zube su. Masu nauyi a ƙasa ake sa su, marasa nauyi a sama, a kuma ɗaure kantar da bango kada ta rifto wa yara. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida kafin ya huda bango, ko ya sa kafinta ya yi masa mai tsayawa da ƙafarta wadda zai iya tashi da ita.

Ƙarƙashin gado ya dace da bargo da rigunan sanyi da ba a buƙata sai hunturu, a cikin akwati mai murfi. Bayan ƙofa na ɗaukar maratayin jaka da hijabi da kayan makaranta. Gado mai hawa biyu yana kwantar da yara biyu a filin gado ɗaya. Takardun haihuwa da na makaranta da na fili a sa su a leda mai kauri a ɗora a sama. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta nuna yadda ruwa ke shiga ɗaki cikin dare.

Abinci

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, yana yaɗuwa ta abincin da fitsari ko kashin ɓera ya taɓa. Shi ya sa hukumar NCDC ke jan hankalin jama'a su riƙa adana abinci a mazubi mai murfi. Buhu kuma a ɗora shi a kan katako, a ɗan janye shi daga bango.

Ga wake da masara, buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana toshe iska har ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Wannan ya fi zuba guba a hatsi aminci. Ƙwayoyin kashe ƙwari masu fitar da iska mai guba na iya halaka wanda ya kwana ɗaki ɗaya da buhun. Ragowar maganin ƙwari ne ma ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015.

Abin da bai kamata ya kwana a ɗaki ba

Jarkar fetur ba ta da gurbi a ɗakin kwana, domin tururinsa kaɗai na kamawa da wuta. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake taruwa, don haka tukunyarsa a tsaye ake ajiye ta a inda iska ke ratsawa. Hayaƙin janareto yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa cikin barci. Kada kuma a toshe taga ko bakin ƙofa da kaya: rashin iska da cunkoso na taimaka wa yaɗuwar sanƙarau da tarin fuka, kuma ranar gobara ƙofar ce mafita.

Waɗannan dabaru suna rage ƙunci, amma kanta ba ta ƙara wa ɗaki taku ko ɗaya. Sauran maganar tana ga farashin fili da kuɗin haya da rancen gina gida, kuma a kan waɗannan ne ya dace matasa su nemi bayani dalla-dalla daga duk mai neman ƙuri'arsu.