Kiwon ɗan gizo-gizon tarantula mai zama a bishiya: abin da sabon mai kiwo a Kano ya kamata ya sani

Kiwo ba baƙon abu ba ne a gidajen Kano. A Babban Giji, Gyadi-Gyadi, Unguwa Uku da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Tarauni, da wuya a wuce layi ba a ga ɗakin tattabaru, akurkin zomaye ko kejin kanari ba. Tarantula kuwa baƙo ne a wannan sahu. Yawancin mutane a bidiyon waya suka fara ganin wannan ƙaton gizo-gizo mai gashi, kuma akasarin bayanan kiwonsa an rubuta su ne don mazauna Turai da Amurka, inda sanyi ne babbar damuwa. A Kano abin ya sha bamban. Ɗan tarantula yana iya yin makonni bai ci ba ya rayu, amma zafin bazara, bushewar hunturu, iskar da ba ta zagayawa da feshin maganin sauro na iya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Mene ne tarantula?

Tarantula suna ne da ake kiran dangin manyan gizagizai da masana suka laƙaba wa Theraphosidae, masu nau'o'i fiye da 1,000 a ƙasashe masu zafi. Sunan ya samo asali ne daga birnin Taranto na Italiya, ko da yake gizo-gizon da aka fara kira da shi can wani iri ne dabam. Yana da ƙafafu takwas, da fiƙa biyu masu dafi, da idanu takwas marasa ƙarfin gani. Da gashin jikinsa yake jin motsin abin da zai kama. Numfashinsa kuma ta wasu ƙofofi huɗu ne da ke ƙarƙashin cikinsa.

Wasu nau'o'in a rami suke zama, wasu a doron ƙasa, wasu kuma a bishiya. Na bishiya sun fi sauran sirantaka da sauri. Tafin ƙafarsu na da lallausan gashi mai yawa da ke ba su damar hawa gilashi, kuma suna saƙa yana mai kama da bututu a kogon itace ko tsakanin ganyaye, su kwana a ciki da rana, su fito farauta da dare.

Nau'in da ya dace da sabon hannu

Nau'o'i biyu aka fi bai wa masu farawa shawarar su riƙe. Na farko shi ne Avicularia avicularia na arewacin Kudancin Amurka, baƙi mai ruwan hoda a ƙarshen ƙafafu, wanda Linnaeus ya bayyana a 1758. Na biyu shi ne Caribena versicolor na tsibirin Martinik, wanda ɗansa shuɗi ne mai ƙyalli, idan ya girma kuma ya koma kore da ja. Har zuwa 2017 cikin Avicularia ake lissafa shi. Duka biyun ba su da saurin cizo, dafinsu mai sauƙi ne, kuma babbansu kan kai santimita 10 zuwa 13 idan ya miƙe ƙafafu. Idan suka tsorata sai su gudu, ko su yi tsalle, ko su fesa kashi. Suna kuma da gashi mai ƙaiƙayi a ciki, wanda sukan goga wa abin da ya matsa musu.

Afirka ta Yamma na da nata masu zama a bishiya. Akwai Heteroscodra maculata, fari-fari mai ɗigon baƙi, wanda aka fi sani daga Togo da Gana, aka kuma bayyana shi a 1899. Akwai Stromatopelma calceatum mai gashin ƙafa kamar na tsuntsu, wanda ke zama a kan bishiyoyin kwakwar manja na yankin kurmi. Kusancinsu da araharsu kan ja hankali, amma suna daga cikin waɗanda ƙwararrun masu kiwo ke hana sabon hannu taɓawa. Gudunsu ya fi ƙiftawar ido, ba su da gashin ƙaiƙayi sai cizo, kuma dafinsu na jawo raɗaɗi mai tsanani da ɗaurewar jijiyoyi da kan ɗauki kwanaki. Dafin Heteroscodra maculata ma har ya shiga ɗakin bincike: a 2016 ayarin David Julius na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ya yi amfani da shi wajen gano yadda jijiyoyi ke isar da saƙon ciwo. Julius ya samu kyautar Nobel a 2021. Gidan da ke da yara ba wurin ajiye irin waɗannan ba ne.

Doka da inda za a samo shi

Nijeriya na cikin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa tun 1975, kuma tana da dokarta ta 1985 kan haka, wadda aka yi wa gyara a 2016. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke ba da takardun izini, NESREA na sa ido kan bin doka, hukumar NAQS kuma ita ke tantance dabbobi da ƙwarin da ake shigo da su. An sanya dukkan nau'o'in Poecilotheria na Indiya da Siri Lanka ƙarƙashin CITES a 2019, Caribena versicolor kuma ya shiga a 2023. Don haka shigo da tarantula a ɓoye cikin kaya na iya jawo kwacewa da hukunci. Abin da ya fi shi ne wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, mai cikakken sunan kimiyya. Wanda aka kamo a daji kan zo da ƙwayoyin cuta, ba a kuma san shekarunsa ba. Ga mai farawa, ɗan da ya kai santimita 3 zuwa 5 ya fi mai santimita ɗaya juriya.

Mazauni

Tsayi ake nema a mazauninsa fiye da faɗi. Robar ajiye abinci mai haske ko kwalbar roba mai faɗin baki, wadda tsayinta ya ninka faɗin ƙafafunsa sau uku ko huɗu, ta wadatar. Idan wurin ya yi girma da yawa, abinci kan ɓace masa. A wanke robar da ruwa zalla, sannan a huda ƙananan ramuka da allura mai zafi a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, jeri ɗaya a ƙasa jeri ɗaya a sama, da wasu a murfi. Kada rami ya kai girman kansa, domin duk inda kai ya wuce jiki zai bi.

A ƙasa a zuba kamar santimita biyu ko uku na dakakken zaren ɓawon kwakwa ko ƙasar da ba a taɓa zuba wa taki ko maganin ƙwari ba. A jingina ɓawon itace busasshe a tsaye ya kusa kai murfi, a ɗaura ganyen roba biyu ko uku kusa da samansa don ya samu inda zai maƙala yana. Ɓawon da aka tsinto a waje sai an zuba masa tafasasshen ruwa an shanya shi ya bushe sarai. A guji ɓawon darbejiya, saboda itacen na ɗauke da sinadarin da ke kashe ƙwari. Murfin robar ruwa ya isa kwanon sha, kuma kada ya taɓa bushewa. Da yake waɗannan nau'o'i a sama suke saƙa, buɗe murfi kan yaga musu yana, don haka wasu masu kiwo kan kifa robar ta yadda za a riƙa buɗewa daga ƙasa.

Yanayin Kano wata bayan wata

Zafin da ya fi dacewa da shi shi ne digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Kano kan kai digiri 38 zuwa 40, ɗakin da ke ƙarƙashin rufin kwano ba silin kuma ya fi haka. Idan ya daɗe a zafin da ya haura digiri 33, rayuwarsa na cikin haɗari. A wannan lokaci a sauke robar ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Gefen randa wuri ne mai kyau, domin ruwan da ke tsatsafowa daga jikinta yana sanyaya iskar kusa da ita. Wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita a tukunyar sanyaya kayan lambu da ta ba shi kyautar Rolex a 2000. Na'urar sanyaya ɗaki na taimakawa, sai dai ba a dogara da ita kaɗai inda wuta ke ɗaukewa, kuma ba a ajiye shi daidai bakin iskarta.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, sanyin asuba kuma ya sauka ƙasa da digiri 15. Ɗan tarantula ba shi da kaurin fatar da za ta riƙe ruwan jikinsa. Sai a riƙa jiƙa kusurwa ɗaya ta ƙasar mazaunin sau biyu a mako, a ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu a kan yanar don ya sha, a kuma mayar da shi ɗakin ciki da dare. Ba a toshe ramukan iska don gudun ƙura. Siririn mayafi da aka rataya nesa kaɗan da robar ya isa ya tare ta.

Da damina, musamman Yuli da Agusta, sai a rage jiƙawa, a bar ƙasar ta bushe. A da masu kiwo sun ɗauka Avicularia sai da laima mai yawa, suka riƙa rufe su cikin jiƙaƙƙun kwalabe, 'ya'yan suna ta mutuwa ba a san dalili ba. Daga baya aka gane cewa a saman bishiya iska ba ta tsayawa. Idan gumi ya kwanta a jikin robar ko fumfuna ta fito, ramukan iska sun yi kaɗan.

Guba a cikin gida

Abin da ke kashe sauro yana kashe tarantula. Fiya-fiya, maganin feshi, maganin sauro na kunnawa da garin kashe kyankyasai duk ajalinsa ne. Haka nan hayaƙin turaren wuta, hayaƙin janareta da feshin turare kusa da shi suna cutar da shi. Ya kamata a ware masa ɗakin da ba a feshi, kowa a gidan kuma ya san da haka. Idan ya zama dole a yi wa gida feshi, a fitar da shi zuwa wani gida na kwanaki. Wanda ya taɓa maganin ƙwari ko ya shafa wa dabba maganin kaska ya wanke hannu da sabulu kafin ya kusanci robar. Kiyashi da cinnaka ma suna iya cinye shi a dare ɗaya, don haka a ɗora robar a kan wani abu da ke tsakiyar faranti mai ruwa.

Abinci

Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin a kawo shi gida, a tanadi abin da zai ci. Kyankyason gida da farar gona ba su da tabbas, domin mai yiwuwa sun bi ta kan magani. Kiwon gyare ko tsutsar ƙwaron hatsi a bokiti mai dusa da ɓawon karas ba shi da wuya, kuma shi ne mafi aminci. Ɗan tarantula na cin ƙwaro ɗaya sau ɗaya ko biyu a mako, wanda bai fi cikinsa girma ba. Idan ƙwaron ya yi girma, a murƙushe kansa ko a yanka shi, a ajiye a bakin yanar da matsefata da yamma. Abin da bai ci ba a cire shi washegari. Cikin da ya ɗan fi kai girma alamar ƙoshi ne, wanda ya yamutse kuma alamar ƙishirwa.

Saɓa

Kamar maciji, tarantula da saɓa yake girma. Ƙarami kan yi ta duk bayan wata ɗaya ko biyu, babba kuma kamar sau ɗaya a shekara. Idan ta gabato sai ya daina ci, launinsa ya dushe, ya toshe bakin yanarsa. Yakan kwanta rigingine yayin saɓar, kuma a nan ne sababbin masu kiwo ke zaton ya mutu su taɓa shi, su jawo masa nakasa. Wanda ya mutu ko yake gargara a kife yake, ƙafafunsa a naɗe ƙarƙashin jiki. Ba a barin ƙwaro mai rai tare da shi a wannan lokaci, domin gyare na iya cizon jikinsa mai laushi. Bayan saɓa a jira kamar mako ɗaya, har fiƙoƙinsa su koma baƙi, kafin a ba shi abinci.

Ɗauka da cizo

Tarantula ba ya sabo da mai shi, ba ya kuma amfana da a ɗauke shi. Faɗuwa daga hannu zuwa siminti na iya fasa cikinsa. Idan za a sauya masa mazauni, a yi a ƙasa cikin babban baho, a rufe ƙofa da taga, a tura shi a hankali da lallausan buroshi, da kofin roba a kusa don kifa masa idan ya gudu.

Babu tabbataccen rahoton cewa cizon tarantula ya kashe mutum, babu kuma allurar karya dafinsa, alamomin ciwon ake yi wa magani. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma. Ba a tsagawa, ba a ɗaurewa. Idan kumburi ya yaɗu, jijiyoyi suka ɗaure ko numfashi ya yi wuya, ko kuma yaro ne aka ciza, a garzaya asibiti da sunan nau'in a rubuce. Ga mazauna Babban Giji da Gyadi-Gyadi, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya yana kusa. Gashin ƙaiƙayi idan ya shiga ido ba a murzawa, sai a wanke da ruwa mai yawa a ga likitan ido.

Kafin a yanke shawara

Namiji kan rayu shekara biyu zuwa huɗu, mace kuma ta kai goma ko fiye. Wanda zai ɗauko ɗan tarantula yana ɗaukar nauyin shekaru ne, da bazara mai dawowa kowace shekara. Ɗan kasuwa mai yawan tafiya da ma'aikacin da ake iya yi wa canjin wurin aiki su fara tunanin wanda zai cika kwanon ruwa idan ba sa nan. Idan aka gaji da shi, a miƙa wa wani mai kiwo, kada a sake shi a unguwa. Wanda kuma ba shi da ɗaki mai sanyi da babu feshi a cikinsa, ko iyalinsa ba su amince ba, gara ya dakata har sai ya samu.